Amanar Bayola da Shirunta

Duk wanda ya taɓa neman aure a wajenmu ya san darajar ɗan aike. Saurayi ba ya iya faɗin kome da kome da bakinsa, sai ya sami amininsa ya raka shi zance, ya kai masa goro da turare, ya komo masa da amsa. Mun kuma sha jin labarin wanda aka aika ya nemo wa abokinsa, ya ɓuge da nemar wa kansa, har zumuncin shekara da shekaru ya watse. Wasan kwaikwayon da nake so mu duba tare a nan ya ɗauki wannan al'amari ya birkita shi. Ɗan aiken da ke cikinsa budurwa ce sanye da kayan maza, wanda ya aike ta kuwa shi ne mutumin da take ƙauna, ga shi ya tura ta ta shawo masa kan wata mace. Sunanta Bayola. Abin da nake so in nuna shi ne, amanar yarinyar nan abin koyi ce ƙwarai, amma shirun da ta yi, wanda mutane sukan haɗa da amanar su yaba gaba ɗaya, yana da nasa lissafi dabam, mai wasan kuma bai ɓoye mana shi ba.

Wasan da mai shi

Wiliyam Shekisfiya, mutumin Ingila, shi ya rubuta wasan. An haife shi a 1564, ya rasu a 1616. An san an yi wasan nan ran 2 ga Fabrairu 1602 a zauren wata makarantar lauyoyi a birnin Landan, domin wani ɗalibi mai suna Jon Maningham ya kalla, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa. Ba a buga shi ba sai a 1623, sa'ad da abokan aikin Shekisfiya suka tattara wasanninsa cikin babban littafi guda, shekara bakwai bayan mutuwarsa. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya juya shi zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, da wannan suna kuma zan riƙa kiransa.

Sunan ba baƙo ba ne a gare mu. Daren sha biyu shi ne daren da ke rufe kwana goma sha biyu na bikin Kirsimeti, gab da idin Bayyanuwa na ran 6 ga Janairu. A Ingila ta wancan zamani dare ne na ci da sha da raha, inda akan juya al'amura na ɗan lokaci, bara ya yi kamar shi ne maigida. Wanda ya taɓa ganin kalankuwa, inda samari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, ya san irin abin. Don haka mai kallo yakan shiga wasan nan yana sane da cewa zai ga mutane ba a mazauninsu ba.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na fari, a zamanin Shekisfiya mata ba sa hawa dandalin wasa a Ingila, ba su fara ba sai a 1660. Yara maza ne suke fitowa a matsayin mata. Ke nan masu kallon farko sun ga yaro ya zama budurwa, budurwar kuma ta koma yaro. Na biyu, Shekisfiya kansa uban tagwaye ne, mace da namiji, Judit da Hamnet, waɗanda aka haifa a 1585. Namijin ya rasu a 1596 yana da shekara goma sha ɗaya. Mai karatu ya tuna da wannan in ya kai wurin da tagwayen wasan suka sake haɗuwa.

Labarin a taƙaice

Jirgin ruwa ya farfashe a bakin tekun wata ƙasa mai suna Iliriya. Bayola ta tsira, amma tana zaton ɗan'uwanta Sebastiyan, wanda suke tagwaye, ruwa ya ci shi. Ubansu ya riga ya rasu tun tana da shekara goma sha uku. Ga ta baƙuwa, mace, ba dangi. Da farko ta so ta yi barantaka a gidan wata mai arziki, Olibiya, don ta ji ita ma ta yi rashin uba da ɗan'uwa, amma matuƙin jirgin ya gaya mata Olibiya ta rufe ƙofa ba ta karɓar kowa. Sai ta roƙe shi ya samo mata kayan maza, ta sa wa kanta suna Sisariyo, ta shiga barantakar Orsino, sarkin ƙasar.

Kwana uku kacal ta zama ta hannun daman sarki. Shi kuwa Orsino ya daɗe yana son Olibiya, ita kuma ta yi wa'adin shekara bakwai tana makoki cikin lulluɓi. Sarki ya aiki Sisariyo wurinta. Olibiya ta ga ɗan aike ta kamu da sonsa. Bayola kuwa ta riga ta kamu da son sarki. Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala, to a nan mutum uku ne suka ƙoshi a akushi ɗaya. Can daga baya Sebastiyan ya bayyana da ransa, wani jarumin teku mai suna Antoniyo ya cece shi. Olibiya ta ɗauka Sisariyo ne, ta kai shi gaban firist aka ɗaura musu alkawari. A kashi na biyar, wato na ƙarshe, tagwayen suka tsaya wuri ɗaya, asiri ya tonu, sarki ya ce Bayola zai aura.

Shekisfiya bai ƙago labarin daga kansa ba. Akwai shi cikin wani littafin Banabi Rici na 1581, da wani tsohon wasan ƙasar Italiya. Amma a can yarinyar ta riga ta san mutumin tana sonsa, ta ɓad da kama ne musamman don ta kusance shi. Shekisfiya ya canza wannan. Tasa yarinyar ta sa kayan maza don ta tsare mutuncinta a baƙon wuri, ƙauna ta same ta ne daga baya tana tsakiyar aiki. Canjin nan ƙarami ne a ido, amma shi ya wanke ta daga makirci, shi ya sa muke iya yin maganar amana a kanta.

Inda amanar ta bayyana

Bari mu duba zuwanta na fari gidan Olibiya. Kafin ta tashi, ta juya ta gaya mana mu masu kallo cewa da so samu ne, ita ce za ta zama matar sarkin. To, mai irin wannan zuciya me zai yi da saƙo? Hanya mai sauƙi a buɗe take. Wakilin gidan, Malboliyo, ya fito ya ce uwargida ba ta da lafiya, ya koma ya ce tana barci. Da ta juya ta gaya wa sarki an hana ta shiga, ba wanda zai ga laifinta, ita kuma ta rage kishiya. Amma ta kafe a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta sai an ji ta.

Da aka shigar da ita ta fara karanto jawabin da ta haddace, Olibiya ta yi ta yi mata ba'a. Sai ta ajiye haddar ta yi magana daga cikinta. Ta kwatanta abin da za ta yi in da ita ce take son Olibiya kamar yadda ubangidanta yake sonta, yadda za ta tare a bakin ƙofar dare da rana ba ta fasa kira ba. Mu mun san inda ta samo zafin maganar. Ciwon da take ji saboda Orsino, shi ta ɗebo ta zuba cikin aikin Orsino. A ganina babu wurin da ya kai wannan kyau a wasan duka. Ta ɗauki abin da ya fi kome tsada a gare ta ta kashe shi a kan buƙatar da in ta biya ita ce za ta yi hasara. Da Olibiya ta miƙo mata kuɗi kuma ta ƙi karɓa, ta nuna ita ba 'yar aiken lada ba ce. Abin ban tausayi da ban dariya shi ne, wannan gaskiyar tata ce ta jawo rikicin, gama ita ce ta sa Olibiya ta so ɗan aike ta bar mai aike.

Amanar ba ta tsaya ga sarki kaɗai ba. Bayan ta fita, Olibiya ta aiki Malboliyo ya bi ta da zobe, wai ya mayar mata da abin da ta bari. Bayola ba ta bar zobe ba, nan take kuma ta gane abin da ake nufi. Da ta ce wa wakilin ba ta san zoben ba, da ta tona asirin uwargida a gaban baranta. Sai ta amsa kamar zancen gaskiya ne, ta rufa wa Olibiya asiri. Wannan kishiyarta ce fa, amma ta tausaya mata, don ta san irin ciwon. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wace ce ita?

Wani abin lura shi ne, mai kallon wasan a dandali ba ya jin sunan Bayola a bakin kowa sai a fitowa ta ƙarshe. Mai karanta littafi yana ganin sunan a gefen shafi, amma mai kallo Sisariyo kaɗai ya sani. Ta rasa ƙasarta, ta rasa danginta, ta ajiye tufafinta da sunanta. Har kayan da ta sa ma, ta faɗa mana da kanta cewa irin shigar ɗan'uwanta take kwaikwayo, launi da ɗinki. Wato tana yawo da kamannin wanda take makoki dominsa.

Sai mu gwada ta da waɗanda suke cikin nasu kaya da nasu suna. Orsino yana zaune a fada ana yi masa kiɗa, yana ta bayanin girman sonsa, amma ba mu gan shi ya taka zuwa ƙofar Olibiya ba sai a kashi na biyar. Son da yake yi ya fi jin daɗinsa fiye da wadda yake so. Olibiya ta yi wa'adin shekara bakwai, ziyara ɗaya ta kwance shi. Malboliyo, mai tsananin kamun kai, da aka jefa masa wasiƙar ƙarya cewa uwargida tana sonsa, nan da nan ya sa safa rawaya yana ta murmushi a tsakar gida. Kowannensu bai san kansa ba. Wadda ta ɓad da kama ita kaɗai ce ta san abin da take so da abin da ke kanta, ba ta kuwa sake ba daga farko har ƙarshe. Hali zanen dutse.

Wannan ya taɓa mu. Da yawa cikinmu muna da suna biyu, na gida da na baftisma, wasu kuma suna zaman baƙunci a zango nesa da garin haihuwa, inda ba wanda ya san ubansu balle kakansu. Amsar da wasan ya bayar ita ce, in an raba mutum da duk abin da ake gane shi da shi, abin da ya rage shi ne yadda yake yi da abin da aka damƙa masa. Da aka zo tabbatar da ko wace ce ita, tawadar Allah da ke goshin ubansu da ranar mutuwarsa suka zama shaida tsakaninta da Sebastiyan. Amma mu masu kallo mun riga mun san ta tun a ƙofar Olibiya.

Shirun da abin da ya jawo

Yanzu mu zo wurin da nake da magana. A kashi na biyu sarki ya yi fahariya cewa zuciyar mace ba ta iya ɗaukar so mai girman nasa. Bayola ba ta iya haɗiye wannan ba, sai ta ba shi labarin wata 'yar ubanta da ta so wani mutum, ba ta taɓa faɗa ba, ta bar abin yana cinta a ciki har ta rame ta ƙanjame, tana murmushi a kan baƙin ciki. Kanta take nufi. Sarki ya tambaya ko yarinyar ta mutu, ta kauce wa amsa. Masu karatu da yawa sukan tsaya a nan su ce ga macen kirki, ga haƙuri, ga kunya. Mu ma da muka tashi da jin cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, nan da nan za mu gyaɗa kai.

Amma a duba abin da labarin ya ce. Bai ce yarinyar ta ci riba ba, cewa ya yi ta lalace. Bayola kanta, bayan zancen zobe, ta yarda cewa ɓad da kama mugun abu ne da Shaiɗan kan yi aiki da shi, sa'an nan ta ce ƙullin ya fi ƙarfinta, ta bar wa lokaci ya kwance. Tun daga nan wasu suka fara biyan bashin shirunta.

Olibiya ce ta fari. Gaskiya ne Bayola ba ta taɓa yaudararta da alkawari ba, ta faɗa mata a fili cewa ba mace da za ta mallaki zuciyarta, har ta nuna mata cewa ita ba abin da ake gani ba ce. Amma zancen a dunƙule yake, mai so kuwa ba ya jin habaici. Kalma ɗaya a asirce tsakanin mace da mace da ta isa. Da ba a faɗe ta ba, Olibiya ta yi ta zubar da girmanta, ta ƙare da auren mutumin da ba ta san ko sunansa na gaskiya ba. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu shi ne Antoniyo. Mutumin nan yana da tsohuwar gaba da sarki, shigarsa garin kasada ce da ransa, amma ya biyo Sebastiyan saboda ƙauna, har ya ba shi jakar kuɗinsa. Ya tarar an tilasta wa Bayola faɗan takobi, ya ɗauka abokinsa ne, ya shiga ya kāre ta, dogarai suka kama shi. Ya nemi jakarsa, ta ce ba ta san shi ba, ko da yake ta yi tayin raba ɗan abin da ke hannunta biyu ta ba shi rabi. Cikin ɓacin rai ya kira ta Sebastiyan, ya ce ta yi masa butulci. Ta ji sunan, zuciyarta ta buga, ta gane watakila ɗan'uwanta yana da rai. Duk da haka ta bar aka tafi da shi yana zaton amininsa ya ci amanarsa. Ita da ta ce ba abin da ta ƙi kamar butulci, ta bar mai alheri da wannan miki.

Ba na cewa ba ta da hujja. Mace ce ita kaɗai a ƙasar da ba ta da kowa, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Abin da nake cewa shi ne mu lura da abin da ya cece ta. Haƙurinta bai kwance ƙullin ba. Ɗan'uwa mai kama da ita sak ne ya fito daga teku a daidai lokacin da ake bukata, ya ɗauke mata Olibiya. Wannan dabarar mai wasa ce. A cikin aikina na shirya masu niyyar aure na taɓa zama da yarinyar da ta yi ta amsa "to" wata da watanni, iyaye suna yabon kunyarta, sai ana sauran mako guda ta fashe da kuka ta ce zuciyarta ba a nan take ba. Ba wani ɗan tagwai da ya fito ya gyara. Gida biyu suka sha kunya, saurayin da bai yi laifin kome ba ya fi kowa jin jiki.

Yadda wasan ya ƙare

Ƙarshen ma yana da abin dubawa. Da Orsino ya ga Olibiya ta fi son baransa, sai ya ce zai kashe yaron don ya ƙona mata rai, ko da yake shi ma yana ƙaunarsa. Bayola ta tashi ta bi shi da murna, a shirye ta mutu. Wasu suna ganin nan ne ƙolin amanarta. Ni dai a nan nakan ji tsoro, gama biyayyar da ke miƙa wuya ga fushin da ba shi da gaskiya ba taimakon mai fushin take yi ba. Jim kaɗan kuma mutumin nan da ya yi barazanar kisa ya juya ya ce aure. Abin da ya ɗan kwantar mini da rai shi ne, wata uku suka yi tare, ya buɗe mata asirin zuciyarsa duka yana ɗaukarta aboki. Ya san hankalinta da halinta kafin ya san ita mace ce. Wannan tushe ya fi na Olibiya da Sebastiyan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Shekisfiya bai bar mu mu tashi da dariya zalla ba. Ba mu ga Bayola ta koma cikin kayanta na mata ba. Kayan suna wurin matuƙin jirgi, shi kuma yana kurkuku bisa ƙarar Malboliyo, Malboliyo kuwa ya fita a fusace yana cewa sai ya rama wulakancin da aka yi masa. Maganar Bayola ta ƙarshe a wasan a kan matuƙin nan ce da ke tsare. Da sarki ya miƙa mata hannu daga baya ba mu ji ta ce kome ba, shi kuma har ya fita yana kiranta Sisariyo. Antoniyo yana tsaye gefe ba wanda ya ƙara tuna da shi. Sai wawan gidan Olibiya ya rage shi kaɗai a dandali ya rufe da waƙar ruwan sama. Wanda ya tsara ƙarshe haka ya san akwai sauran bashi.

Saboda haka ina ba malaman makaranta da shugabannin matasa shawara, in sun sami littafin nan su karanta shi tare da yaransu, in da hali ma su yi wasan. Su nuna musu Bayola a ƙofar Olibiya, yadda ta isar da saƙon da ke yanka ta ba ta rage kome ba, su ce haka ake riƙon amana. Sa'an nan su nuna musu Antoniyo a hannun dogarai, su tambaye su me ya kamata ta ce. Mu iyaye kuma, in muka ga 'yarmu ta yi shiru a kan maganar aure, kada mu yi saurin cewa ta yarda. Mu samo mata innarta ko gwaggonta da za ta iya buɗe wa ciki tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu 'ya'ya masu amana, ya ba mu kunnen jin su.